Littafin Ma'aji

Mu bakwai ne a Rosario,
cikin tsohon sito mai warin masara.
Noelia ta durƙusa da igiya da farin tef,
ta zagaye siminti da da'ira,
ta ce, ga gonarmu.

Takalman taya na mutum huɗu kacal,
sai karɓa-karɓa, kamar ludayin gidan yawa.
Darasin farko ba gudu ba ne,
faɗuwa ce:
gwiwa ƙasa, dunƙule yatsu
kada wata ta bi ta kansu,
ki miƙe kafin kunya ta riske ki.

Shekara biyu muna bugun junanmu,
har muka haddace kafaɗar kowa.
Sai saƙo daga Córdoba: mu ma muna nan.
Muka kwana a bas, kwalkwali ne matashi,
suka lallasa mu tas,
sannan suka gasa mana nama har asuba.

Daga nan abin ya yi yaɗo kamar kabewa.
Mendoza, Salta,
wani gari a kudu da iska ke ture mutum
tun kafin abokiyar hamayya ta iso.

Ba wanda ya faɗa mana
cewa bayan taya akwai takarda.
Wa zai horar da masu usur?
Wa zai biya in ƙashi ya karye?
Me ya sa na nesa ne kullum ke sayen tikiti?
A kan wannan Itatí ta bugi tebur,
ta fita, ba ta ko ɗauki jakarta ba.
Harshe da haƙori ma sukan saɓa,
amma wata tara kujerarta na kallona.
Ranar da ta dawo, da jadawali ta zo:
bana ku je musu, baɗi su zo muku.
Muka ɗaga hannu. Biyu suka ƙi. Ya wuce.

Yanzu gwiwata ta yi murabus.
Ina bakin ƙofa da littafi da akwatin kuɗi,
ina rubuta sunayen garuruwan da ban taɓa takawa ba.

Ɗazu wata yarinya mai tauraro a kwalkwali
ta ratsa katangar mata huɗu
kamar zare a kafar allura.
Ba ta san sunana ba.
Da ta faɗi a zagaye na gaba,
na ga ta dunƙule yatsunta.