Wadda Ta Yi Kuka da Wadda Ta Riƙe Biro

Mun fito daga zauren kallo a Samaru,
tara ta gota, an ɗauke wuta.
Ni da Yaya Kulu a bayan keke,
ba wadda ta ce uffan
sai da muka wuce Kwangila.

Littafin tun ina Kongo na karanta shi.
Zazzau ce, bayan shekara sittin:
Kubanni ta ƙafe, Galma ta zama hanyar mota,
ruwa ya koma hannun Hukuma.
Jarka ɗaya, suna ɗaya.
Ka kawo sunan wanda ka ji yana gunaguni,
a murɗa maka famfo.
A takarda bai hana ni barci ba.

Yaya Kulu ta ce, "Uwani Jushi ce fim ɗin,
sauran duk rakiya suka yi."
Ban musa ba. Na ga abin da ta gani:
uwa da ɗa a goye, jikinsa kamar garwashi,
leɓenta ya tsage, harshe ya manne a ganɗa,
ta tsaya a taga ta sayar da ƙanenta
a kan ruwan da bai kai na alwala uku ba.
Da ta kurma ihu a ƙofar gidansu,
jijiyar wuya ta tashi kamar igiyar guga,
matan layin gaba suka kama salati,
mai gugguru ya ajiye farantinsa.
Uwani ta yi mana kukan gaba ɗaya,
muka sami inda za mu zuba namu,
muka ji sanyi.

To amma Delu Bomo fa?
"Wace ce haka?" in ji Yaya Kulu.
Matar taga, na ce. Mai rajista.
Duk fim ɗin ba ta yi kalma ashirin ba.
Suna. Unguwa. Na gaba.
Fulas ɗin shayi a gefenta,
rula a kan layi don kada rubutu ya karkace.
Biro ya ƙi, ta yarfa shi sau biyu,
ta hura wa hatimi iska kafin ta buga.

Kin tuna, Yaya, da Uwani ta ce "Ɗanlami,"
murya na rawa kamar mazari?
Delu ba ta ɗago kai ba.
Ta ce, "Da ɗa mai ƙugiya?"
Ta gyara ƙugiyar, tsaf,
ta zagaye ta yadda malaminta ya koya mata.
Nan cikina ya juya.
Ba mugunta a fuskarta, da ma akwai.
Gajiya ce kawai, da sauran awa biyu a tashi.

"Wannan ai ba wasa ba ne," in ji Yaya Kulu,
"zama kawai ta yi a kujera.
Ko ke sai ki yi."

Muka sauka a Tudun Wada.
Ta biya mai keke, ta shige tana fyace hanci.
Ita ta yi barci, na ji minsharinta.

Da safe na hau motar Shika,
na buɗe tagata, na ajiye fulas.
Layi ya kai bakin baranda.
Wata dattijuwa daga Giwa, jika a kafaɗa,
ba kati, kuɗin katin bai cika ba.
Na ji bakina ya ce, "Na gaba."

Biro ya ƙi.
Na yarfa shi sau ɗaya,
sai na tsaya ina kallon wuyan hannuna.

Uwani za a ba kyautar, na sani,
kuma ta ci halak ɗinta.
Delu kuwa ban yafe mata ba.
Ban san ranar da ta zo ta tsaya a layina
tana kallona ba.