Mudu Biyu

Mudu biyu gare ni a kasuwar Kaltungo.
Ɗaya mai zurfin ciki, shi ne na saye.
Ɗaya na sayarwa, wanda na kai wa maƙeri a ɓoye
ya tura masa gindi sama, kaurin ɗan yatsa.
Shekara goma sha ɗaya ina auna wake da shi,
ina cewa, “Ga gyara, ’yar’uwa,”
ina mayar wa mace kaɗan daga abin da na ɗauke mata.

Ran Lahadi kuwa ina sahun gaba,
ɗankwalin zumunta ya sha guga,
muryata ta fi ta kowa tashi.
Ruwan baftisma ya daɗe da bushewa a jikina,
ban taɓa tambayar ko ya ratsa ciki ba.

Ba tsawa aka yi mini ba.
Wata tsohuwa ce daga Ture, Afiniki,
idonta ya yi yana, kuɗinta a ƙulle a bakin zane.
Na auna mata da ƙaramin.
Ta riƙe hannuna, wannan hannun,
ta ce, “Yesu ya sa masa albarka.”

Daren nan tuwo ya ƙi wucewa.
Wanda ya taɓa tauna tsakuwa a cikin wake
ya san yadda Ruhu Mai Tsarki ya yi da ni:
bai ɗaga murya ba,
haƙori ne kawai ya gamu da gaskiya,
kai duka ya amsa.

Sati uku ina gardama da shi.
Na ce kowa haka yake yi.
Na ce kuɗin makarantar Kefas fa?
Ya yi shiru, irin shirun uwa
da ta tsaya bakin ƙofa tana kallon ɗa.

Malam Yila bai tambaye ni komai ba,
ya kife mudun, ya daidaita shi da guduma.
Kowane bugu a ƙirjina ya sauka.
Riba ta rame. Nama ya yi nisa da miya.
Amma na soma barci har zakara ya yi cara.

Na zaci an gama ke nan.
Ashe akwai wasu mudun a cikin bakina:
babba na auna laifin Damaris maƙwabciyata,
ƙarami, ɗan mitsitsi, na auna nawa.
Wannan ba aikin maƙeri ba ne.
Kullum Ruhu yana baza ni a faifai,
yana tsince ni a hankali,
ga tsakuwa, ga ƙwaro, ga wanda ya ruɓe ta ciki.
Bai taɓa zubar da faifan ba.

Jiya ma akuyarta ta shiga buhuna,
na faɗi maganar da ba ta dace da mai bi ba.
A da sai mu yi wata ba gaisuwa.
Jiya, kafin rana ta faɗa bayan Dutsen Kilang,
ina tsaye a ƙofarta, bakina da nauyi,
na ce ta gafarta mini.
Iyakar inda na kai ke nan.
Wake ba ya ƙara in yana toho.

Afiniki kuwa, na bi ta har gida
da kwarya cike, na durƙusa, na faɗa mata duka.
Ta yi dariya, dasashi a waje.
Ta ce, “Ido ne ya tafi, ’yata, ba hannu ba.
Tun ran farko na ji nauyin bai cika ba.”
Na ce, “To, me ya sa kika sa mini albarka?”
Ta ce, “Hannun da ya fi bukata na gani.
Jawo faifai, ki taya ni tsinta.”