Mai Kente a Rumfar Katako

Shekara talatin ina cin abinci a katako,
tun muna Anloga har aka kwashe mu zuwa Sokoban,
a Kumasin da wawa sunan itace ne.
Duk abin da ya yi rarrafe a kan hajata
ƙwaro ne kawai,
hukuncinsa kuwa yana babban yatsana.

Sai Hurera ta zo hutu daga jami'a
da akwatin allurai da gilashin ƙara ido.
Ranar wata Talata ta riƙe mini hannu a sama:
Baba, kar ka kashe mai gadinka.

Na leƙa ta gilashin.
Tsawonsa ƙwayar shinkafa da rabi,
ja a kafaɗa, baƙi a baya, ratsin fari a gicciye,
ya ɗaura kente ba tare da ya je Bonwire ba.
Jikinsa duk gashi,
ƙahonsa biyu kowanne da ɗan kulki a baki.

Ta nuna mini garin da ke zuba ƙarƙashin allo.
Wannan aikin gunda ne, in ji ta.
Shi kuwa mai kente gunda yake farauta.
Matarsa na saka ƙwai a tsagar ɓawo,
tsutsar ta bi rami har ƙurya,
ta cinye mai ɗaki a kan shimfiɗarsa.

Da dare ta jera mini danginsa a takarda
kamar mai rabon gado:
ga waɗanda suka tare a kan fure,
ga masu renon 'ya'ya a gidan zuma
ba da yardar zuma ba,
ga kuma wani shuɗi mai jajayen ƙafa
da ya sauka cikin bandar kifi a kasuwar Asafo,
wanda Maame Agyeiwaa ke tsine wa kullum safiya.
Na ce to, kowace zuri'a da nata.

Sunan da ta rubuta masa ya fi shi tsawo.
Na gwada sau uku, harshena ya ƙi.

Ta koma makaranta.
Ban ƙirga nawa na murƙushe ba, ba zan iya ba.
Yanzu dai a hankali nake ɗaga allo,
in hura ƙurar kafin in dafa.
Yarona Gambo yana dariya a ɓoye,
wai maigida ya fara gaida ƙwari.
Jiya ma na gaida biyu.