Awo

Wata 'yar jami'a ta zo shagona a Alabar
da littafi da ƙaramar na'urar ɗaukar murya.
Wai tana bincike ne kan jikin mace,
yadda kowace al'umma ke kallonsa.
Na ce ta ɗaga ƙafa, ta take mini atamfa.
Sannan na tura mata kujera.

Rubuta, na ce: ran Alhamis aka haife ni.
A Aboabo ni ce Lami,
a Bantama ni ce Yaa.

Ubana Batone ne.
Su a wajensu jini na uwa ne,
uba kurwa kawai yake hura wa ɗa.
In na je, kaka ta shafa kaina,
ta cika ni da fufu da miyar gyaɗa,
ta ce, ki gaida mutanenku.
Uwata Bahaushiya ce.
Su kuma suka ce mace gona ce, iri na mai shuka.
Kawu Shekarau ya ba ni kuɗin trotro,
ya ce, ki gaida mutanenku.
Haka na girma, ina dakon gaisuwa tsakanin unguwa biyu,
ba inda aka ce in sauke.

Ran Asabar ubana kan yafa baƙin zane,
yadi goma sha biyu, kafaɗar dama a waje,
ya tafi jana'iza yana taku kamar ƙasar tasa ce.
Kawunnaina a rumfar mai shayi suna ƙyaƙyatawa:
namiji da zane!
Shi kuma ya dawo yana cewa,
ga ƙarti can sun shige riga kamar gidan sauro.

Kakata ta Bantama kan aske kanta,
ta shafe shi da baƙi da man kaɗe,
ranar ake cewa ta cika mace.
Ta Aboabo kuwa, mutum biyu suka san gashinta:
mai kitso, sai mai wankan gawa.
Abu ɗaya suka taɓa yarda a kai, jigida.
Kowacce ta ɗaura mini tata,
na yi rarrafe ina kacau-kacau da yare biyu.

Shekara talatin da ɗaya ke nan tef na rataye a wuyana.
Na auna 'yan dakon Kejetia,
yaran da kwano ya cinye musu wuya.
Na auna ƙugun mai sayar da kifi
da ke fushi in lamba ta ragu,
da na 'yarta, mai kuka in ta ƙaru.
Na auna ƙirjin da likita ya raba da rabinsa,
na cusa auduga, muka yi shiru mu biyu.
Wani magidanci ya zo bayan isha'i
da awon ƙanwarsa a takarda.
Na dubi takardar, na dubi faɗin kafaɗarsa.
Na ɗinka. Shuɗiya ce, mai dogon hannu.

Da ubana ya mutu, ɗan 'yar'uwarsa ya gaji gida,
gonar koko, har takalman.
Ni wushiryarsa na samu,
da wannan kafaɗa da ba ta son mayafi.
Ba wanda ya kai ni ƙara a kansu.

Yarinyar ta daina rubutu.
Ta ce, to Inna, jikin na wane ne ke nan?

Na ce, tashi tsaye.
Ɗaga hannu. Ba haka ba, sake shi.
Na zagaya tef a cikinta, na ji ta ƙame,
ta haɗiye numfashi kamar mai bashi ya shigo.
Na ce, wa ya koya miki wannan?
Ta ce ba kowa.
Na ce, saki.
Ta saki. Talatin da huɗu.
Na rubuta da alli a bango,
kusa da na sauran.