Ɗinyar Indiya

A bayan gidanmu da ke Nasarawa Gwom
akwai wata shuka da ba ta da sunan Hausa.
Ganyenta biyar-biyar, kamar tafin hannu a buɗe,
bayansa fari-fari, furenta shuɗi mai kunya.
Babana Gambo ya raɗa mata ɗinyar Indiya,
wai tunda ganye ya yi kama, ai dangi ne.

Wani malamin lissafi ya zo da ita,
Nayar, siriri, mai keke da laima,
zamanin da kuza ke da daraja.
Babana ke kula masa da lambu.
Ran da zai koma ƙasarsu
bai ba shi agogo ba, bai ba shi kwat ba.
Reshe ya yanko, kamu ɗaya,
ya nuna gwiwa, ya nuna ganye, ya ce, "Nirgundi."
Babana ya yi dariya. Lokacin gwiwarsa
na hawa duwatsun Shere ba ta neman izini.

Yau fa?
Sanyin Jos ya gane hanyar ƙashinsa.
Da asuba yake shigowa ta ƙarƙashin ƙofa,
ya tsugunna masa a gwiwa kamar mai bin bashi.
Raka'a biyu, sai an yi ciniki da ƙasa.

Ni ke tsinko ganyen kafin in fita Taminus,
in tafasa a tukunyar da miya ta yi wa ritaya,
in naɗe a tsumman zanen Inna Lantana,
in ɗora da ɗuminsa.
Ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari, da ɗan ɗaci.
Sai ya runtse ido ya ce, "Kai, Nayar!"
Ban sani ba, godiya ce ko ƙorafi.

Likita ya rubuta ƙwayoyi, yana sha,
ba mu yi musu da kowa ba.
Ko ganyen ke aiki, ko ɗumin, ko hannuna,
ban taɓa raba su na auna ba.

Jiya Ngo Kaneng ta leƙo ta katanga,
dafe da ƙugu, idonta kan shukar.
Babana ya miƙe da ƙyar, ya ce in ba shi wuƙa.
Ya yanko reshe, kamu ɗaya,
ya nuna gwiwa, ya nuna ganye,
ya buɗe baki,
sunan ya ɓace masa.

Ya ce, "Ki dai dasa.
Ba ta ƙin ƙasar kowa."