Jininmu Bai Haɗu Ba

Shekara goma sha ɗaya, Belarmino,
ban ce maka sannu ba, ba ka ce mini yauwa ba.
Duk Dalcahue an san zancen:
'ya'yan Cárcamo, ciki ɗaya, nono ɗaya,
amma jininsu bai haɗu ba.
Kan kwalekwalen baba ne, mai shuɗin fenti,
da ka sayar tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba,
ko da yake a tsibirin nan me ke bushewa?

In na hango ka bakin gaɓa kana ɗinkin koma
sai in bi ta bayan coci,
kwandon ulu a hammata, hanci a sama.

Ran wata Talata Orfelina ta zo,
ruwa na ɗiga daga haɓar mayafinta, ta ƙi zama.
Ta ce in ka gatsa tuffa sai ka bar ja a jikinta.
Ta ce tabo ya feso maka a cinya, ba wanda ya buge ka.
Bokitin kifin da yaro ke ɗauka ya gagare ka.
Sankarar jini.
Na ce mata ina da saƙa a hannu.
Daren nan sau uku ina warware hannun riga ɗaya.

An gwada 'ya'yanka, rabi da rabi.
An gwada Nibaldo, autanmu, ko kusa.
Saura ni, wadda ake jin nauyin tambaya.

Jirgin fito, sannan mota kwana guda cur zuwa Santiago.
Likita Oyarzún, yarinya ce da tabarau,
ta ce ɓargo gona ce a cikin ƙashi,
taka ta koma fitar da ciyawa zalla,
za su babbake ta ƙurmus, sai dai babu iri.
Ta ɗaga takarda ta dube ni:
goma bisa goma, jininku ya haɗu.
Na yi dariya har ta miƙo mini ruwa.

Sun sa ni barci, suka huda ƙuguna ta baya,
suka yi ta zuƙowa.
Na farka kamar wadda santsi ya kayar a matakalar gaɓa.
Abin duka bai fi cikin butar shayi ba,
ja, mai kauri, a leda.

Ta bayan gilashi na gan ka,
ba gashi, ba gira, fuskar baba sak a makonsa na ƙarshe.
Ledar na rataye, tana sauka ɗis, ɗis.
Ka ɗaga hannu.
Har yau ban sani ba, gaisuwa ce ko fitila ce ta dame ka.

Sai ƙirga.
Kowace safiya lamba a kan allo: sifili.
Sifili. Zazzaɓi. Sifili.
Orfelina ta daina tsefe kai,
ni na saƙa safa bakwai, ba ɗaya mai abokiya.
Rana ta sha bakwai iri ya tsaga ƙasa.

Likita ta ce kada mu yi guɗa tukuna,
ɓargona na iya ɗaukar jikinka baƙo, ya far masa.
Na ce na san halinsa.
Ya kuwa far: tafin hannunka ya yi jawur, ya saɓule,
cikinka ya ƙi riƙe ko romo.
Sai da aka yi wata biyu ana lallashinsa da magani
kafin ya yarda ya zauna gidanka lafiya.
Ya fi ni saurin huce fushi.

Yanzu wata goma sha huɗu.
Ba wanda ya yi mana alkawarin komai,
duk bayan wata uku kana hawa motar nan ta dare.
Katin asibitinka ya sauya rukunin jini, ya koma nawa.
Zancen kwalekwale ba ka tayar ba, ban tayar ba,
yana nan tsakaninmu a kife.

Jiya a bakin gaɓa ƙugiya ta tsage maka yatsa.
Ka tsaya kana kallo yana ɗiga kan katako.
Na ajiye kwando, na yage bakin zanena.
Na ce, a hankali, malam,
nawa ne kake zubarwa.