Tafin Hannun Arzika

Ƙarfe biyu da kwata na dare suka kawo shi
a bayan a-kori-kura, daga Runjin Sambo,
naɗe cikin zanen gado mai furanni.
Kafin in ga fuskarsa hancina ya riga ni:
fetur, babbakakken gashi,
da ƙarnin ɗanyen ƙwai.

"Wa ya fasa masa ƙwai?"
Yayarsa Tumba ta sunkuyar da kai.
"Da makilin munka haɗa, Sista. Haka anka ce muna."
Ban yi faɗa ba.
Tsoro ne ya fasa ƙwan, ba ita ba.
Na ce, "Ruwa kawai yake so, mai tsabta,
a yi ta kwarara masa minti ashirin."

Ban fara da ciwon ba.
Ciwo sarkin ihu ne, so yake a gaishe shi da farko.
Da murya na fara.
"Yaya sunanka?"
"Arzika."
Ta fito tas, babu dishewa.
Na haska hanci: gashin ciki yana nan.
Na leƙa baki: hayaƙi bai bar sawunsa ba.
To, ƙofar numfashi a buɗe take.

Zoben azurfa a yatsan tsakiya,
na zare shi da sabulu kafin kumburi ya iso,
na jefa a ambulan, na rubuta suna.

Sai awo.
Wuta ba ta da mudu a kasuwa,
tafin mai ciwo shi ne mudunmu:
tafi ɗaya da yatsunsa, kashi ɗaya cikin ɗari.
Ƙirji, ciki, damtsen dama har wuyan hannu,
na ƙirga ashirin da biyu.
Hannun da ke ɗaure noti tun yana yaro
yau shi ke faɗin abin da janareta ya ci.

Inda ya yi ja, ya yi bororo,
na taɓa, ya zabura, ya kira sunan Allah.
Na ji daɗi a raina.
Gefen haƙarƙari kuwa akwai wani fili
fari, busasshe, kamar fata a hannun majemi.
Na taɓa. Shiru.
"Nan babu zahi, Sista," ya ce, har da murmushi.
Nan ne gabana ya faɗi.

Ƙuna ɓarauniyar ruwa ce,
tana sata ta inda ido ba ya gani.
Na rataya leda, na buɗe mata hanya,
lissafina daga lokacin da wutar ta kama,
ba daga lokacin da suka iso ba.
Kowace awa ina durƙushe gindin gado
ina karanta ledar fitsari
kamar manomin Kware yana duban gabas.

Safiya ita ce yaƙinmu.
Allurar kashe zafi tukuna, mu jira ta ratsa,
sannan a jiƙa bandeji, a ɗaye a hankali.
Ran Laraba ya zage ni.
Ran Alhamis ya ce in yafe.
Na ce sai ya cinye wake da kifin nan,
sai ya miƙe yatsu sau goma
kada fata ta ɗinke su wuri guda.

Wani dare aka ɗauke wuta,
injin asibiti ya tashi yana tari.
Daga kan gado, ido a rufe, ya ce,
"Matatar mai ta toshe. Ku gaya musu."
A ranar na daina jin tsoro.

Kwana talatin da huɗu, har da dashen fata.
Na miƙa masa ambulan.
Zoben ya ƙi wuce gaɓa ta biyu,
ya juya shi, ya juya,
ya mai da shi hannun hagu.
A bakin ƙofa na ce, "To, in mai ya ƙare fa?"
Ya ce, "A kashe. A bari shi huce."
Tumba ta riga shi fita neman Keke,
ni kuma gado na shida yana kira.